Zane Biyu a Gindin Dalko

Motar babana ce, Fijo fara,
ta girmi ɗana na fari da shekara tara.
A miƙaƙƙiyar hanya shiru take, kamar Binuwai da rani.
Amma in muka bar Garwa muka doshi Pitowa,
da buhun gyaɗa huɗu da surukata a baya,
da zarar na taka mata wuya a hawa
sai ta soma: ƙyal-ƙyal-ƙyal,
kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara
an ba yaro yana kaɗawa.

Surukata ta ce sammu ne.
Yaron da ke sayar mini da zuwa-zuwa a kwalba
ya rantse mansa tas yake, har ya ɗaga shi ga rana.
Na sauya buji, na sauya baƙin mai, na yi sadakar waina.
Ƙyal-ƙyal-ƙyal.

Sai aka ce in je Yalwa, bayan masu walda,
in tambayi Mato Kurma.

Kunnensa ya mutu tun yana gyaran motocin auduga.
Bai amsa sallamata ba, motar ya gaisar.
Ya ɗauko doguwar sukudireba,
ya kafa bakinta a kan kulas,
ya ciji ƙotar da turamensa na hagu,
ya nuna mini da hannu: ja birki, sa giya, saki kuloci kaɗan, taka.
Na taka.
Injin ya kai masa ƙara ta ƙashin muƙamuƙi.

Ya tofar, ya yi magana da ƙarfi irin ta kurame:
“Ba ciwo ba ne, gaggawa ce!
Fistin yana hawa, wuta ta riga ta fashe,
sai su yi karo kamar raguna biyu a ƙofar garke.
Man da aka ƙera ta dominsa da darma a ciki,
mai haƙuri, yana zaune sai an kira shi.
Wannan kuwa kafin ka ce tashi ya yi tsalle.
Na kwalba kuma, Allah kaɗai ya san da me aka sirka.”

Kwana uku tana wurinsa.
Ya sauke kulas, ya kankare baƙin da ya daskare
kamar ƙanzo a gindin tukunya,
shi ne ke ɓoye garwashi, yana kunna mai ba izini.
Ya wanke lagireto har ruwan ya daina kama da kunun kanwa.
Ya ɗaura buji masu sanyi,
ya ɗan buɗe wa kafireta maƙogwaro,
sannan ya yafito ni da sifana.

A gindin dalko akwai ɗan zane, na ƙusa.
“Na babanka ne. Ni na riƙe masa fitila.”
Ya sassauta noti, ya murɗa dalkon baya,
faɗin ƙwayar dawa, ko ma bai kai ba,
ya ɗaure, ya miƙo mini ƙusa.
Hannuna na rawa.
Zanena ya fito a karkace.

Jaka goma sha biyu ya ce, muka daidaita a tara,
da sharaɗin in sha mai a famfo ko da ya fi tsada,
in kuma daina jan ta a giya ta huɗu kan tudu
don rowar mai, halin da ya ce gado na yi.

Ran Lahadi muka hau tudun nan.
Na sauko ta uku. Na kasa kunne.
Ba kome sai iska da ƙamshin gyaɗa.
Wani ɗan babur ya wuce mu yana dariya,
ta ɗan rage gudu, gaskiya, ba kamar da ba.
Surukata ta ce ai rubutun da ta yayyafa wa tayoyi ne.
Na ce haka ne, Inna.

Wani lokaci da asuba, kafin in tada ita,
nakan ɗaga bonet in haska tocila
in dubi zanen nan biyu, nasa miƙe, nawa a karkace,
da ɗan ƙarfen da ke tsakaninsu
wanda ko farcena ba ya shiga.